Ba a fafe gora ranar tafiya

Jama'a masu karatu, akwai wani biki da duk ɗan ƙasar nan ya sani, domin babu gwamnatin da ta zo ba ta yi shi ba, ta farar hula ko ta soja. Za a kafa rumfa a ƙofar likita, a jera kujeru, makaɗa su saki kiɗa, sannan wani babba ya miƙe ya ɗaga mabuɗin sabuwar motar ɗaukar marasa lafiya, a yi tafi, mata su rangaɗa guɗa, talabijin ta ɗauka. Daga nan kowa ya kama gabansa. Abin da ba a faɗa a wurin bikin shi ne wanda zai zuba wa motar mai ran da aka buƙace ta da tsakar dare, da wanda zai sayi taya in ta fashe, da abin da za a tarar a can inda za a kai marar lafiya. A kan wannan batu nake son mu tsaya a wannan mako, kuma ƙasar Arewa zan ɗauka, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, tun da can aka yanke mini cibi, can kuma na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A daminar bara naƙuda ta kama matar wani ƙanena bayan magariba, a wani ƙauye na cikin Dallol Mawri. Yarinya ce ƴar shekara 19, cikin fari. Tsofaffin gida suka ce a yi haƙuri, haihuwa yaƙin mata ce, ita kuma kunya ta hana ta ko nishi mai ƙarfi. Sai da gari ya waye aka ɗaura amalanke, aka yi tafiyar sa'a 2 cikin rairayi zuwa likita mafi kusa. Majo ya duba ta, ya ɗaura mata ruwa, ya ce a jira. Aka jira har la'asar, sannan ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Aka buga waya: mota tana nan, direba yana nan, mai ne babu, sai an kawo jika 25. Ƙanena ya kira ni a Yamai, na aika kuɗi nan take, amma rumfar da zai karɓa tana garin kasuwa, nesa da shi. Dole ya saki tunkiyar matar a rabin kuɗinta. Bayan isha'i suka isa asibiti, da guntuwar takarda da aka yago daga littafin ƴan makaranta, kalmomin da ke cikinta ba su wuce biyar ba. Aka yi mata fida, uwa ta rayu, ɗa bai zo da rai ba. Bayan kwana 10 aka sallame ta hannu sake, babu takardar da za ta kai wa wanda ya tura ta. Majo a kasuwa ya ji labarin yadda aka ƙare.

Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba, ko na likitar, ko na asibitin, domin ba wanda za a rataye nake nema ba. Abin lura shi ne fidar kyauta aka yi mata, kamar yadda doka ta tanada. Hanyar zuwa wurin kyautar ce ta ci tunkiya, ta ci ɗa.

Tun a 1994 wasu mata biyu masu bincike a Amurka, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka kasa abin da ke kashe mata wajen haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin isa wurin da ake iya taimako, da jinkirin samun taimakon bayan an isa. Matar ƙanena ta sha biyu na farko har ta ƙoshi. Masana kuwa sun daɗe da faɗa cewa zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin sa'a 2. Wanda ya san haka ba zai yi mamaki ba in ya ji cewa binciken lafiyar al'umma na 2012 ya samu mata 535 suna mutuwa a kowace haihuwa dubu 100 a ƙasar nan.

TSANIN DA AKA ZANA A TAKARDA

A takarda, tsarin kiwon lafiyarmu tsani ne wanda babu abin kushewa a jikinsa. Tun taron Alma-Ata na 1978, da na Harare na 1987 inda aka tsaida gunduma a matsayin ginshiƙin kiwon lafiya, ƙasashen Afirka suka rungumi wannan fasali. A ƙasa akwai ƙananan gidajen likita na ƙauye, waɗanda shirin musamman na shugaba Tanja Mamadu ya baza a karkara daga 2001. Sama da su akwai CSI, inda majo yake, da ungozoma in an yi sa'a. Sama da CSI akwai asibitin gunduma, mai lokotoro da ɗakin fida. Daga nan sai babban asibitin jaha a Dosso da cibiyar kula da uwa da yaro, sannan manyan asibitocin Yamai. Kowane mataki ya yi abin da ya iya, abin da ya gagare shi ya miƙa sama da takarda a hannu. Na sama kuma in ya gama, ya mayar da marar lafiya ƙasa da wata takardar mai bayyana abin da aka gani, da abin da aka yi, da abin da ya rage a yi.

To, a sauko daga takarda a taka ƙasa. Daga Dutsi zuwa Dosso kusan kilomita 140 ne, zuwa Yamai wajen 275, kuma wannan lissafin wanda ya riga ya iso bakin kwalta ne. Mutumin Sukukutan ko Dogon Kirya a arewa, ko na ƙauyukan Gesheme a kudu, sai ya fara kokawa da rairayi, da damina kuma da ƙoramu masu yanke hanya. A ƴan shekarun nan rashin tsaro ya ƙara nasa, har tafiyar dare ta zama abin shawara a wasu sassa. An ɗaga Tibiri ta zama gunduma a 2011, kuma ƙidayar 2012 ta samu mutum wajen dubu 640 a gundumomin biyu, yau sun fi haka nesa. Wannan taro duka a kan tsani guda ya dogara. Shi ya sa mai hali yake tsallake matakan, ya ɗauki shatar mota ya nufi Yamai ko Galmi, ko ya ƙetara iyaka zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato. Marar hali kuwa ya koma wurin boka da maɗori, in abin ya ƙi a ce kwana ya ƙare.

ABIN DA BINCIKE YA GANO

Wani zai ce matsala ce mai wuya, sai an kafa kwamiti ya yi nazari. Ai an yi nazarin, a cikin ƙasar nan, fiye da shekara 20 ke nan. A gundumomin Walam da Tawa, waɗanda rairayinsu da talaucinsu ba su bambanta da namu ba, wani lokotoro ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Paul Bossyns da abokan aikinsa ƴan Nijar sun share shekaru suna bin diddigin yadda ake tura marasa lafiya daga CSI zuwa asibitin gunduma. Abubuwa uku suka fito da su, kuma kowanne ya cancanci a karanta shi a gaban magabata.

Na farko ya fito a 2004, bayan hira 46 da ma'aikatan CSI, da zama 42 da jama'ar gari, da hira 231 da marasa lafiyan da aka tura. Sun gano cewa nisa da kuɗi ba su kaɗai ke tare hanya ba. Shi kansa ma'aikacin yana ɗari-ɗari da turawa, saboda yana tsoron zubewar girmansa, kuma bai ga wani abin kirki da asibitin zai ƙara a kan abin da shi yake yi ba. Saboda haka ba ya zama ya yi wa dangi bayani, in sun nuna ƙi ba ya lallashinsu, su kuma ba su da bakin tambayarsa. Mu da muka tashi a karkara mun san wannan ba ƙage ba ne. Majo shi kaɗai ne a daji, shi ne lokotoron gari, shi ake gaisarwa bayan maigari da liman. Ran da ya ce a wuce gaba, za a ce a majalisa: ashe bai iya ba. Dangi kuma da sun ji an ce asibiti, sai su fara tunanin likkafani, domin sun saba ba a tura mutum sai ya kusa cikawa. Jinkiri ya haifi mutuwa, mutuwa ta haifi tsoro, tsoro ya sake haifar jinkiri.

Na biyu, wanda aka buga a 2006, ma'auni ne. Sun auna sun ga cewa in an bi ƙa'idojin aiki sau da ƙafa, wajen kashi 2.5 cikin 100 na sababbin marasa lafiya ya kamata a tura gaba, wato mutum 1 cikin kowane 40. A karkara ba a kai ko rabin haka ba. Ma'ana, cikin kowane biyu da ya kamata su hau mataki na gaba, aƙalla ɗaya ya tsaya a ƙasa, kuma babu littafin da aka rubuta abin da ya same shi.

Na uku, na 2005, shi ne mai daɗin ji. An sanya wa CSI rediyon magana mai aiki da hasken rana, aka haɗa su da motar gunduma, aka bi abin shekara 7. Kiran gaggawa ya ƙaru ƙwarai a gundumomin biyu. A lissafinsu na 2003, kowane kiran da ya yi amfani ya ci dalar Amurka 49, wajen jika 28 a canjin lokacin, kuma in an raba kuɗin tsarin duka a kan jama'a, kowane mutum wajen dala 7 ta kuɗinmu ya kama a shekara. Dala bakwai, jama'a, ko kuɗin goron safe bai kai ba! In muka ɗora wannan a kan mutanen Dutsi da Tibiri na ƙidayar 2012, miliyan 22 da ɗoriya ke nan a shekara. A ninka shi biyu saboda tsadar rayuwa, har yanzu bai kai kuɗin motar alfarma guda ta wani babba ba. Balle yau salula ta shiga kusan kowane ƙauye, rediyon ma an huta da sayensa.

DARASIN JAHAR DOSSO

Bincike na huɗu a gidanmu aka yi shi. A 2005 ma'aikatar kiwon lafiya da sashen koyon aikin likita na jami'ar Yamai suka yanke shawarar koya wa lokotoro na gama-gari aikin fida na wata 12, a tura su asibitocin gunduma. Farfesa Rachid Sani da abokansa suka duba abin da hakan ya haifar a asibitocin gunduma 3 na jahar Dosso a shekarar 2007. An yi wa mutum 544 fida a shekarar, 206 na gaggawa ne, kuma kashi 70 cikin 100 na gaggawar fidar haihuwa ce. Cikin waɗanda ba na gaggawa ba, mafi yawa masu ƙaba da gwaiwa ne, kuma ba a rasa ko mutum ɗaya a cikinsu ba. Yawan waɗanda ake kwasa zuwa babban asibitin Dosso ya ragu da kashi 82 cikin 100 in an kwatanta da 2005.

Darasin a fili yake: turawar da ta fi kowace kyau ita ce gajeruwa. Duk fidar da aka yi a gunduma tafiyar sa'o'i ce aka rage wa mai zubar jini, kuɗin mai ne aka rage wa dangi, gado ne aka bar wa wani a Dosso. Sai dai masu binciken sun yi gargaɗi a kan ƙarancin ma'aikata, da gyaran na'urori, da kayan aiki masu ƙarewa, da buƙatar ci gaba da horo. Ɗakin fida da babu mai allurar barci, babu jini a ajiye, babu wutar da za a dogara da ita, ɗaki ne kawai mai farar tayil. Kuma majo ya fi kowa sanin halin da asibitin da ke samansa yake ciki. In ya san za a karɓi marar lafiyansa a yi masa aiki, zai tura da wuri. In ya san za a sake cewa a wuce gaba, zai riƙe shi ya ɗaura ruwa.

WA ZAI BIYA KUƊIN MAI?

Nan ne gizo ke saƙa. Dokar 1995 ta kafa biyan kuɗin jinya a likitocinmu, bisa tsarin da aka amince da shi a Bamako a 1987. A 2005 aka mayar da fidar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. Niyya ce mai kyau, kuma ta ceci rayuka. Amma gwamnati ta riƙa jinkirin biyan likitoci kuɗin aikin da suka yi kyauta, bashi ya taru har miliyar masu yawa. Masu binciken LASDEL, cibiyar nazarin zamantakewa da ke Yamai, sun bi wannan lamari a Dosso da Dutsi da Loga, sun kuma nuna yadda jinkirin ya busar da asusun likitoci. Asusun da ya bushe kuwa ba ya sayen magani, balle gazuwal. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta, ta ce haihuwa kyauta ce. Madalla. Amma rage abin da ake biya a ƙofar asibiti ba ya kawo mutum ƙofar.

Ma'aikatan karkara ba su zauna sun naɗe hannu ba. A wasu gundumomi, har da na jaharmu, sun ɓullo da dabarar ƙarin dala 20 a kan duk wanda ya zo ganin likita, a tara a asusu na musamman don man mota. Dabarar ta yi karo da dokar kyauta, aka yi ta jayayya ko ya halatta a karɓi ko sisi daga wanda doka ta yafe wa. Masu wannan magana suna da hujja, sai dai ina tambayarsu: tsakanin dala 20 da rana tsaka da jika 25 da tsakar dare, wanne ne zalunci?

Akwai ma hanyar da ta fi wannan, kuma maƙwabtanmu na Boboy aka gwada ta a kansu. A 1993, kafin a kafa dokar biyan kuɗi, an gwada tsari biyu. A Sayi marar lafiya ne ke biyan kuɗin duka ran da ya zo. A Boboy kuwa kowane mai biyan haraji ya ba da dala 40 a shekara, ran ciwo kuma babba ya biya dala 10, yaro dala 5. Sakamakon ya nuna cewa a Boboy ne zuwa likita ya fi ƙaruwa, musamman wajen talakawa da mata da yara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: manomi yana da kuɗi da kaka, ba shi da su a watan Agusta, ciwo kuwa ba ya duba rumbu kafin ya shigo. A ƙasar Mali ma, inda aka kafa asusun taimakon juna don kwasar masu naƙuda, aka haɗa shi da rediyo da mota da gyaran ɗakunan fida, binciken da aka buga a 2009 a kan jahar Kayes ya nuna haɗarin mutuwar matan da suka zo da matsalar haihuwa ya ragu da kusan rabi cikin shekara 2. Hausawa sun gama magana da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

TAKARDAR DA BA TA KOMOWA

Saura abu guda wanda ba ya cin ko dala, kuma a ganina shi ne maganin matsalar farko da aka gano a Walam da Tawa. Ina nufin takardar amsa. A yau majo yana tura mutum kamar mai jefa dutse a rijiya, ko ƙarar faɗawarsa ba ya ji. Bai san ko abin da ya zata shi ne ba, bai san ko ya makara ba, bai san maganin da zai ci gaba da bayarwa ba. Ta ina zai ƙaru? Shekara 10 zai yi yana maimaita kuskure guda, ba don mugunta ba, don babu wanda ya taɓa gaya masa.

A ce lokotoro ya ɗauki minti 5 ya rubuta: abin da ka gani daidai ne, da ka ƙara sa'a 3 da ba mu same ta ba, ga abin da za ka ci gaba da yi mata. Wannan takarda makaranta ce ga majo, kuma rawani ce. Zai iya nuna wa miji da maigari cewa shi ne ya gano ciwon, shi ya kira mota, kuma babban lokotoro ya mayar masa da marar lafiyansa don ya ƙarasa aikin. Daga ranar turawa ta daina zama abin kunya, ta zama shaidar gwaninta. In kuwa ya makara, a gaya masa tsakaninsu, cikin mutunci, a wurin taron ma'aikatan gunduma. Haka nan takardar turawa: a buga ta da gurabe, a rubuta sa'ar da marar lafiya ya zo, da awon jininsa, da abin da aka ba shi, a kuma buga waya kafin mota ta tashi domin a shirya ɗakin fida a nemi jini. Guntun littafin ƴan makaranta ba takardar ceton rai ba ce.

Na san abin da za a ce. Za a ce laifin jama'a ne, ba su zuwa da wuri. Akwai gaskiya a ciki, kuma mu maza mu ne kan gaba a wannan laifi, tun da sau da yawa mace ba ta fita sai da izinin miji, miji kuwa yana Legas ko Kwatano wajen bida. Amma talaka ba wawa ba ne, lissafi yake yi. In ya san zuwa likita yana nufin sayar da tunkiya, a ƙarshe a dawo da gawa, zai jinkirta. Ran da ya ga maƙwabciyarsa ta tafi a mota ba a tambayi kowa ko dala ba, ta komo da ɗanta a goye, ba sai an tara shi an yi masa wayar da kai ba. Gani ya kori ji. Za a kuma ce ƙasa ba ta da kuɗi. To, a Faransancin ma'aikatunmu kalma guda ce ake kiran kwasar matar ƙauye zuwa gunduma da kuma ɗaukar babban mutum a jirgi zuwa Tunis ko Faransa. Shekara da shekaru baitulmali yana samun kuɗin ta biyun, har aka ce don rage ta ne aka gina babban asibitin da aka ƙaddamar a Yamai a 2016. Wanda ya samu kuɗin jirgi bai kamata ya rasa na gazuwal ba.

ABIN DA MUKE NEMA

Ga magabatan jaha da na gundumomin Dutsi da Tibiri, da masu riƙe da ƙananan hukumomi: a kafa asusun kwasar marasa lafiya a kowace gunduma, a tara shi da kaka, ƙaramar hukuma ta sa nata kason a rubuce cikin kasafinta, kuma kada mota ta sake tambayar dangi kuɗi kafin ta tashi. A liƙa lissafin asusun a ƙofar kowace CSI duk wata: nawa ya shigo, sau nawa mota ta fita, nawa ya rage. Mun sha ganin asusun jama'a ya zama na mutum uku, kuma maganin ɓera shi ne haske. A haramta wa motar asibiti ɗaukar buhunan gero da zuwa biki da rakiyar manya.

Ga ma'aikatar kiwon lafiya: duk wata uku kowace gunduma ta bayyana lambobi uku, mutum nawa aka tura, nawa suka isa, nawa aka mayar da takardar amsa. A auna shugaban asibiti da waɗannan lambobi kamar yadda ake auna shi da na rigakafi. Kuma lokotoron da aka kashe kuɗi aka koya wa fida, kada a ɗauke shi zuwa ofis a Yamai sai an kawo madadinsa.

Ga ƴan'uwana ma'aikata: ku tuna yau kuna birni, gobe takardar canjin wuri tana iya kai ɗayanku Dogon Kirya da iyalinsa. Tsanin da kuka bari ya ruɓe, ku ma shi za ku taka.

Ga ƴan kasuwa da masu motoci kuwa, ku ne kuka fi kowa sanin hanyoyin nan. A can ƙetaren iyaka, a jahar Kebbi, tun shekarun 1990 masu bincike daga Sakkwato suka haɗa kai da ƙungiyar direbobi don kai masu naƙuda asibiti, kuma abin ya yi aiki. Me zai hana tashoshin Dutsi da Matankari da Kore Mairuwa su tsara jerin direbobin da za a kira in motar asibiti ta fita, a biya su daga asusu a kan farashin da aka yanke tun da rana? Ƙungiyoyin ƴan Arewa mazauna Yamai da Kwatano da Lome, masu tara kuɗin gina masallaci da taimakon biki, su ma ga inda sadakarsu za ta yi gudu a kan taya huɗu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Matar ƙanena ta sake samun ciki. Lokotoro ya gaya mata da baki cewa wadda aka yi wa fida ba ta haihuwa a gida, mu kuma mun yanke shawara tun wata na takwas za ta koma gidan wata gwaggonmu kusa da asibiti. Mu mun fafe namu goran saboda muna da ɗan'uwa mai albashi. Sauran matan Dallol Mawri da ba su da kowa a Yamai fa? Binciken da zai cece su an yi shi, an buga shi, yana kwance a kabad. Ran da za a sake kafa rumfa a ɗaga mabuɗin mota, ina roƙon wani dattijo ya miƙe bayan an gama tafi, ya tambayi babban baƙo cikin ladabi: ranka ya daɗe, man fa?

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sauki masu ciki lafiya, mu kuma Ya ba mu magabata masu karanta abin da aka rubuta. Amin.